Hatsin Baba Tunau

Ku da kunka zo jiya-jiya, anka ba ku riga mai tambarin kamfani da waya mai ɗaukar hoto, na ji abin da kuke faɗi a bakin ofis. Wai aikin inshora zaƙin baki ne kawai: ka tare mutum, ka cika shi da surutu, ya dangwala yatsa, ka karɓi kamashonka ka wuce. To madalla. Ku jawo benci ku zauna, za ni ba ku labarin mutum guda daga cikin waɗanda na yi wa aiki tsakanin Sabon Birni da Isa, in na gama sai ku gaya mini inda zaƙin bakin ya shiga.

Amma bari in fara da inda na koyo. Maigidana a wanga aiki shi ne Malam Sanda, Allah ya jiƙan shi, tsohon malamin makaranta ne da ya ga yadda abokan aikinsa ke tagayyara bayan ritaya. Ranar da na fara bin shi, kasuwar Isa ya kai ni, ya zaunar da ni gefen ma'auna hatsi, ya ce in ajiye jaka ƙarƙashin cinya, kada in kuskura in buɗe ta. Haka munka yi ta yi kasuwa bayan kasuwa, ba abin da nake yi sai gaisuwa da taya mutane ɗaga buhu. Raina ya ɓaci, na ce masa ni fa na yi karatu, ba dako na zo yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ummaru, wanda bai san sunan ubanka ba, ƙaƙa za shi ba ka tsufanshi ka riƙe mai?"

Shi ya koya mini ƙa'idodin da ba su cikin littafin kamfani. Ba ka yi wa Bagobiri maganar kuɗinsa gaban jama'a, sai ka ja shi bayan rumfa kamar za ku yi zancen aure. Ba ka fara da mutuwa, don da ka ambace ta ya tashi ya kaɗe riga. Kafin ka shiga gari ka fara sauka wurin liman, ka shimfiɗa masa tsarin filla-filla: kuɗin taimakekeniya ne, ana juya su cikin cinikin halal, ba ruwa a ciki, ba caca. In liman ya gyaɗa kai ka samu gari, in ya yi shiru ka hau babur ɗinka ka ƙara gaba. Kuma ba ka taɓa ce wa manomi ya sayar da bijiminsa ko gonarsa ya kawo maka. Ya riƙe turkarsa, ya riƙe rumbunsa, kai ɗan abin da ke zubewa tsakanin yatsu za ka roƙa ya tara.

Kayan aikina ba su da yawa. Babur, jakar fata, tawadar dangwale, leda mai kauri saboda ƙetare gulbi da damina, da goro. Kada ku raina goron nan, ya buɗe mini zaurukan da takardar kamfani ba ta buɗe ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin, har yau, shi ne tambaya guda da Malam Sanda ya ba ni: "In ƙarfi ya ƙare, mi za ka ci?" Na yi wa ɗaruruwan mutane ita, kuma ban gaji da jin amsa ba. Malamin makaranta zai ce fansho, sannan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Mai ƙuli-ƙuli za ta nuna maka tumaki. Wani ya ce ɗiya, wani ya ce Allah, ya tsare ka da ido ya ga ko za ka yi gardama. Mutum guda ne ya taɓa ba ni amsar da ta sa na ajiye jaka na gyara zama.

Sunansa Baba Tunau, mutumin Gatawa, falke ne. Tun yana saurayi yake kora jakuna zuwa cikin Nijar, ya kai barkono da atamfa, ya dawo da kanwa da dabino. Dogo ne, ga zanen Gobirawa raɗau a kumatu, ga baki kamar reza. Matarsa ta rasu, ɗansa namiji guda shi ma ya riga shi, sauran ɗiya mata suna gidajen mazajensu. Na same shi a kasuwar Sabon Birni yana ɗaure wa jaki mangala, na ba shi goro, na yi masa tambayar.

Bai ɗago ba ya ce, "Mi za ni ci? Nawa."

Na ce, "Baba, in babu naka fa?"

Ya ce, "To sai in bar ci. Kai Mai-jaka, ni na ga ubana ya tsuhwa gidan ƙanenshi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya hana mai tuwo. Amma in anka aje akushi sai ya dubi huskar mai gida kahin ya sa hannu. Ni ba ni son in dubi huskar kowa kahin in ci."

Na ce masa abin da nake sayarwa ke nan. Ya ce ƙarya nake yi, amma in zo kasuwa mai zuwa.

Sai da munka yi damina guda muna wannan ja-in-ja. Ya tambaye ni ina kuɗin ke kwana, wa ke gadinsu, in kamfanin ya mutu wa zai yi masa wanka. Wallahi wasu tambayoyin sai na je Sakkwato na tambayo na dawo masa da amsa. Da ya yarda kuma sai ga matsalar shekaru, don tsarin tsufa ba ya tafiya sai an san lokacin da mutum zai fara karɓa. Baba Tunau bai san shekarar haihuwarsa ba, ya ce shi dai an yi masa kaciya shekarar da fara ta cinye gero. Munka zauna da sa'o'insa biyu a zaure ana ta musu, wannan ya ce ya girme shi, wancan ya ce tare anka yaye su, har munka tsayar da abin da hankali zai ɗauka, anka je anka yi rantsuwa a kotu. Ku da kuke cewa aikin minti biyar ne, ku ji.

Daga nan duk dawowar da zai yi daga fatauci sai ya neme ni bayan rumfar masu kanwa, ya zaro abin da ya samu daga lalitarsa, ya dangwala, ya goge yatsa a gindin jaki. Wata rana da yawa, wata rana kaɗan. Shekaru sunka tafi a haka har gwiwa ta ƙi, ya sayar da jakunan, kamfani ya fara biyansa wata-wata. Sharaɗi guda ne: sau ɗaya a shekara sai wakili ya gan shi ido da ido, ya ɗauki hotonsa, ya shaida yana raye. Wanda ba a gani ba, a tsayar da biyansa. Baba Tunau ya mayar da ranar abin wasa. In ya hango ni sai ya ce, "Ga mai duba gawa nan ya iso."

Sai mugunyar shekarar ta zo. Ba sai na ba ku labari ba, wasunku a cikinta kunka bar garuruwanku. Ɓarayin daji sunka hana noma, sunka hana hanya, layin waya ya ɗauke, kasuwanni sunka mutu. Jakar da nake taƙama da ita ta zama abin tsoro, don duk gidan da anka ga na shiga sai a ce akwai kuɗi a ciki. Na rataye ta a ɗaki, na koma sa tsohuwar riga, takardu cikin buhun albasa. Mutanen Gatawa da na Gangara sunka watse, wasu Sabon Birni, wasu Isa, wasu sunka ƙetare iyaka. Lokacin ganin Baba Tunau ya yi ya wuce, babu shi babu labarinsa, ofis ya tsayar da kuɗinsa.

Wani abokin aikina ya ce in bar shi, in yana raye ai zai nemo mu. Na ce ba ka san mutumin ba. Wanda ya ce gara ya bar ci da ya ci na wani, in ba a kai masa nasa ba, ka san abin da zai faru.

Fatake na bi. Su ba su rasa sanin inda ɗan'uwansu ya faɗa. Wani mai dabino ya ce mini an gan shi can wani gari gaba da iyaka, hanyar Maraɗi, gidan Alhaji Labo. Wannan Alhaji Labo shi ne fatomansa, wato mai masaukin da yake sauka wurinsa tun suna samari, shi ke ajiye masa jakuna ya nemo masa masu saye. Na shiga motar kasuwa, na yi wa 'yan duwan da jandarma, wato kwastan da 'yan sandan can, bayani har bakina ya bushe, na isa da la'asar.

Na iske Baba Tunau a zaure. Rigar ta yi masa yawa, zanen kumatunsa ya nutse cikin rama. Bai ce ga mai duba gawa ba. Ya ce, "Mai-jaka, ina jakar?"

Gidan kuwa ba gidan yunwa ba ne. Alhaji Labo mutum ne mai faɗi, mai dariya, ya yanka mini zabo a daren. Anka kawo tuwo, na lura Baba Tunau ya yi loma biyu ya janye hannu. Alhaji ya yi ta faɗa: "Ci mana, tsohon banza. Gidanka na. Shekara nawa kana kawo min arziki?" Shi kuwa sai ya ce ya ƙoshi.

Da safe na ɗauki hotonsa, na gaya masa kuɗinsa za su dawo har da na watannin da anka riƙe. Na ɗauka zai yi murna. Ya ce, "In yi mi da su? In miƙa ma Labo kuɗɗin tuwo? Kai ba ka san fatoma ba. Ya gwammace in mare shi gaban iyalinshi."

Gaskiyarsa ne. A al'adar fatauci, baƙo ba ya biyan abincin gidan fatoma. Fatoma na samun la'adarsa a ciniki, amma akushi kyauta ne, kuma abin kunya ne babba a ce ya karɓi ko sisi a kansa. Yanzu ga baƙo ya zo babu jaki babu kaya, ba ranar tafiya. Labo ba zai karɓa ba, Tunau ba zai ci ba. Ni kuma ga ni tsakiya da kuɗin mutum a hannu, sun kasa zama tuwo. Ban taɓa cin karo da irin wannan a littafin kamfani ba.

Dabarar da munka yanke ita ce hatsi. Ya ba ni izini a rubuce, duk wata in karɓi kuɗin in aika ta hannun fatake a canza su sefa, kuɗin can, wani ma'auni a garin ya loda gero a amalanke ya kai gidan Alhaji Labo. Ba kuɗi ba ne, ba biya ba ne, falke ne ya sauke kaya gidan fatomansa kamar yadda ya saba. Baba Tunau ya ce wannan ta yi.

Bayan wata biyu na koma in ga yadda abin ke tafiya. Alhaji Labo ya ja ni bayan gida, ya nuna mini wata rufewa, irin rumbun ƙasan nan mai baki a sama, an yi mata sabuwar hular ciyawa. Ya rage murya ya ce, "Kun ɗauka ban gane ba, kai da tsohon nan? Duk abin da amalanke ta kawo, nan nika sa a zuba. Ko tsaba guda ba ta shiga tukunyata. Randa za shi koma gida in buɗe mai abinshi. Baƙona ba shi ciyad da ni. Kuma in ka hwaɗa mai, ban yahe ba."

Na dawo Sabon Birni raina a jagule, don abin da na sayar wa mutumin nan shekara da shekaru shi ne zai ci nasa, ga shi nasa na kulle a rufewa yana cin na wani. In na faɗa masa, ya daina ci. In na yi shiru, na zama abokin ruɗinsa. Na yi shiru, na ci gaba da aika gero.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne zuwana na gaba. Tun daga bakin zaure na ji muryarsa: "Ga mai duba gawa nan ya iso." Ya murmure, kumatu sun ciko. Anka kawo tuwo ya share akushi, har ya leƙa na Alhaji ya ce, "In ba ka iyawa turo nan." Alhaji Labo ya ƙyafta mini ido, wai dabara ta ci. Ni kuwa na bi tsohon da kallo. Na san shi, mutumin da ya tambaye ni wa zai yi wa kamfani wanka ba a ruɗinsa da hular ciyawa. Amma da na tambaye shi a kaikaice, sai ya ce in ci tuwona in bar bincike.

Sai da damina biyu ta wuce kafin hanya ta ɗan lafa, mutanen Gatawa sunka fara komawa jefi-jefi. Baba Tunau ya aiko a gaya mini za shi gida, in zo in raka shi, kuma lokacin hotonsa ya yi. A shekarar ruwa ya yi wa su Alhaji Labo gardama, gero ya ƙone a tsaye, na ga rumbunansa sun yi ƙasa ƙwarai. Duk da haka ranar tafiya ya tara maƙwabta, ya sa anka jawo amalanke biyu bayan gida, ya tsaya gaban rufewa yana gyara babbar riga.

Ya ce, "Tunau, yau za ni ba ka kunya. Hatsin da kaka aikowa, ga shi nan. Kwashi abinka."

Mai amalanke ya kafa tsani ya hau, ya ɗaga hular, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Ya ce, "Alhaji, wace rufewar?"

"Wadda kake kai."

"Ai ko buhu biyu ba a samu nan."

Alhaji Labo ya ce ɓarayi. Ya fara salati yana juyi, maƙwabta sunka fara kallon juna. Sai munka ji gyaran murya daga bakin ƙofar cikin gida. Inna Mariyama ce, uwargidansa, 'yar tsohuwa mai ƙaramin jiki, wadda duk zuwana ban taɓa jin ta ce fiye da sannu ba.

Ta ce, "Ba ɓarawo ba ne, Alhaji. Mu munka ci. Da kai."

Ya ce, "Ke kika hau rumbu? Yaushe mace ta hwara leƙa rumbun mai gida?"

Ta ce, "Ban leƙa naka ba. Wanga na baƙo na, kai da bakinka ka ce. Kuma mai shi ya ba ni izini."

Ta ba da labarin a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. Ita ke karɓar akushi in ya dawo daga zaure, ita ta ga tuwon baƙo na dawowa kamar yadda ya tafi. Ta same shi ta tambaye shi, ya ce ya ga inda amalanke ke juyewa, shi ba yaro ba ne. Ta ce masa in ta rantse cewa daga yau geronsa ne a tukunya, zai ci? Ya ce zai ci. Tun ranar, in maza sun tafi masallaci ko kasuwa, sai surukarta, matar ɗanta, ta hau rufewar ta ɗebo. Tukunya kuwa guda ce a gidan, ba a raba wa baƙo tasa.

Alhaji ya ce, "To awon da nika ba ki kullum da sahe, ina shi?"

Ta ce, "Taho ka gani."

Ba a shiga ɗakin uwargida, amma ranar ta ɗaga labule ta ce kowa ya leƙa. Buhuna ne jere har kusa da rufi, da randuna cike, an toshe bakinsu da toka saboda ƙwari. Geron Alhaji Labo ne, wanda yake auna mata da hannunsa kowace safiya, ba ta daka ko tiya guda ba. A shekarar da gonarsa ta ƙi, ga abincin gidansa har wata kaka.

Alhaji ya nemi turmi ya zauna a kai. Can ya ce, "Ashe ni a baƙo gidan ga."

Baba Tunau ya dafa sandarsa ya matso. Ya ce, "Damina biyu kana cin tuwona, Labo, ban ji ka ce an gode ba."

Mutane sunka fashe da dariya, Alhaji ma ya yi, amma na ga ya ja hannun riga ya share ido. Ya rantse sai an loda buhunan a amalanke an bi Tunau da su. Tunau ya rantse ko ɗaya ba ya hawa. Anka yi ta fama, a ƙarshe ya yarda da tiya guda ta iri, don ya ce geron ƙasar can na saurin nuna. Sauran da ya rage a rufewa kuma ya ce na Inna Mariyama da surukarta ne, ladan hawa tsani.

Ni ina gefe riƙe da waya, na tuna abin da ya kawo ni. Na ce, "Baba, hoton shekara."

Ya gyara hula, ya tsaya gaban rufewar da ta kusa ƙarewa, ƙullin irin a hannunsa. Na ɗauka, na miƙa masa tawada ya dangwala. Ya duba babu jakin da zai goge yatsa, sai ya goge a babbar rigar Alhaji Labo.

Ya ce, "Mai-jaka, ka gaya ma kamfaninku ina nan da raina. Kuma nawa nika ci."